Me ya sa asibitin karkara ba ya fita daga bashi?

Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti ta aiko da wannan tambaya: "Kowace shekara muna jin an ware wa fannin lafiya maƙudan kuɗi, amma mu kullum ba magani, ba man janareta, ana bin mu bashi ta ko'ina. Na ji an ce har a ƙasashe masu arziki asibitocin karkara rufewa suke yi. Shin sata ce, ko rashin iya riƙo, ko kuwa kuɗin ne ba sa isa?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Duk abubuwa ukun da kika lissafa akwai su, na kuma gan su da idona a shekarun da na yi ina duba littattafan kuɗin ƙananan asibitoci. Sai dai ko da za a nemo mutumin da ya fi kowa gaskiya da iya lissafi a damƙa masa asibitinku, da wuya ya fitar da shi daga bashi muddin hanyar da ake biyan asibitin tana nan yadda take. A nan gizo ke saƙar, kuma a nan zan fi tsayawa.

Ki tuna daren da aka kawo muku mace naƙuda ta tsaya, wajen ƙarfe biyu. Kafin likita ya ɗora wuƙa, sai fitilar ɗakin tiyata ta kama, wato akwai mai a janareta ko caji a batirin sola. Sai an riga an dafa kayan aiki tun da rana. Sai akwai wanda ya iya sa barci a cikin garin, wayarsa kuma a kunne. Sai akwai jinin da aka gwada a cikin firji, firjin kuma bai mutu ba tun ranar da aka ajiye jinin. Ga tukunyar oksijin, ga allurar oksitosin ta tsayar da zubar jini, wadda zafi ke rage wa ƙarfi idan ba a adana ta da sanyi ba. Duk waɗannan an biya kuɗinsu jiya da shekaranjiya da sauran dararen da ba a kawo kowa ba. Zaman ko-ta-kwana shi ne babban abin da asibiti ke kashe wa kuɗi, kuma kuɗinsa ba ya raguwa don gadaje sun kwana ba kowa.

To amma da me ake biyan asibiti? Galibi da kan mara lafiya. Ko mutum ya biya daga aljihunsa, ko inshora ta biya masa, ko gwamnati ta mayar wa asibitin abin da ya kashe, duk lissafi ɗaya ne: mutum nawa kuka gani, tiyata nawa kuka yi. A ɗauka akwai ɗakunan tiyata biyu, ɗaya a birni yana yin aiki goma a rana, ɗaya a karkara yana yin goma a wata. Fitila iri ɗaya ce, tukunyar dafa kaya iri ɗaya, mai sa barci mutum guda a kowanne. Na birni ya raba nauyin a kan mutum ɗari uku, na karkara a kan mutum goma. Idan aka ce kuɗin tiyata ɗaya ne a duka wuraren, na birni zai samu rara, na karkara kuma kowane wata sai ya ci bashi, ko da babu wanda ya taɓa ko sisi.

Sai kuma a duba su wane ne ke zuwa. Wani rahoto na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2015 ya nuna kashi 56 cikin ɗari na mazauna karkara a duniya ba su da wata kariya ta kiwon lafiya, a birane kuwa kashi 22 ne, a karkarar Afirka kuma adadin ya kai kashi 83. Manomi kuɗinsa na kaka ne, ciwo kuwa ba ya jiran kaka. Mai ɗan hali idan aikin da za a yi masa ba na gaggawa ba ne, mota zai shiga ya wuce ku ya tafi birni, da kuɗinsa. Ayyukan da ke kawo wa asibiti rara, irin su tiyatar da aka sa wa rana da ɗaukar hoton ciki, can suke tafiya. Abin da ya rage muku shi ne haɗarin mota, saran maciji, haihuwa mai wuya da yaro mai jijjiga, waɗanda ba a iya kora, ba a kuma iya cewa sai an biya. Babban asibiti yana rufe asarar wani sashe da ribar wani. Ƙarami ba shi da inda zai yanko.

Abin da kika ji game da ƙasashe masu arziki gaskiya ne, labarin Amurka kuma shi ya fi fito da maganar fili domin babu wanda zai ce ƙasar ba ta da kuɗi. A 1983 shirin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ya daina biyan asibitoci abin da suka kashe, ya koma biyan ƙayyadadden kuɗi bisa irin ciwon da aka kwantar da mutum a kansa. An yi haka ne don a hana almubazzaranci, kuma a manyan asibitoci ya yi amfani. Amma cikin shekarun da suka biyo baya ɗaruruwan asibitocin karkara suka rufe. A 1997 majalisar ƙasar ta gyara, ta ƙirƙiri wani rukuni na musamman: asibitin da gadajensa ba su wuce 15 ba (daga baya aka ɗaga zuwa 25), yana da nisan fiye da mil 35 daga wani asibitin, ko mil 15 a yankin duwatsu, kuma sashensa na gaggawa a buɗe yake dare da rana. Irin wannan asibiti Medicare na biyansa bisa ainihin abin da ya kashe, daga baya aka tsayar da shi a kan kashi 101 cikin ɗari. Yau akwai fiye da 1,300 a wannan rukuni, kuma da yawansu da ba don haka ba da tuni sun zama kango.

Tsugune ba ta ƙare ba. Kashi 101 ɗin na marasa lafiyar Medicare ne kawai, kuma tun 2013 ake zaftare kashi 2 cikin ɗari daga biyan, abin da ya mayar da shi ƙasa da abin da aka kashe. Wata doka ta 1986 ta tilasta wa asibitoci duba duk wanda aka kawo cikin gaggawa ko yana da kuɗi ko ba shi da su, doka ce mai kyau, amma ba ta zo da kuɗin aikin ba. Da aka yi dokar lafiya ta 2010 wadda ta faɗaɗa Medicaid, inshorar talakawa, sai kotun ƙoli ta yanke a 2012 cewa kowace jiha tana da zaɓin shiga ko ƙin shiga. Cibiyar binciken lafiya ta Jami'ar North Carolina, wadda ke bin diddigin lamarin, ta ƙirga fiye da asibitocin karkara 100 da suka rufe ko suka daina kwantar da marasa lafiya tun 2010, akasarinsu a jihohin da suka ƙi faɗaɗa inshorar, Texas ce a kan gaba. Ki lura da wannan da kyau: kuɗin da ya riƙe asibitocin da suka tsira ba sunan asibiti aka rubuta a kansa ba, inshorar talakan da ke zuwa asibitin ce.

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ciwon ɗaya ne, sai dai an ƙara masa wani, wato jinkirin biya. Ni a ganina jinkiri ya fi ƙarancin kuɗi kashe asibiti, domin wanda ya san kaɗan zai samu yana iya tsara kaɗan ɗin, wanda aka yi wa alkawarin mai yawa ya yi aiki a kai kuma shiru, shi ne ke nutsewa. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta tsakanin 2005 da 2006. Iyaye mata sun amsa kira, yara da dama sun rayu ta dalilin haka, wannan ba abin musu ba ne. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin, ya tura takardun neman biya, gwamnati ta mayar masa. Takardu suka taru, biya ya riƙa zuwa bayan watanni, wani lokaci shekaru, kantunan magani na asibitoci suka bushe. Ghana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, kuma sau da dama asibitocin mishan, waɗanda akasarinsu a karkara suke, sun yi barazanar komawa karɓar kuɗi hannu saboda hukumar inshorar ta yi watanni ba ta biya su ba. Uganda ta soke kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati a 2001, jama'a suka yi tururuwa, magani ya riƙa yankewa. Ba ina cewa kada a yi kyauta ba ne. Ina tare da kyautar ɗari bisa ɗari. Amma kyautar da ba a biya asibiti kuɗinta a kan lokaci ba, daga jikin asibitin ake yankarta.

Bari in nuna miki yadda abin ke faruwa a teburi, domin na zauna a irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Ƙarshen wata ne, a ofishin shugaban wani asibiti mai gadaje kaɗan. Akwai shi, akwai akanta, akwai shugabar nas-nas, akwai mai kula da kantin magani. Kuɗin gudanarwa wata na uku ke nan bai zo ba. Mai kawo man janareta ya aiko cewa ba zai ƙara ba da ko lita ɗaya ba sai an rage masa tsohon bashi. Asusu ɗaya ne kawai ke da kuɗi, asusun magani mai juyawa, irin tsarin da ya yaɗu a Afirka bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987: a sayo magani, a sayar da 'yar riba, a sake sayowa da kuɗin. Mai kula da kantin ya riƙe littafinsa da hannu biyu yana cewa, "Ranka ya daɗe, in aka taɓa wannan ba zai dawo ba." Shugabar nas-nas ta ce akwai jarirai biyu a kan oksijin, ga jini a firji. Shugaban ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce a ara, in kuɗin gwamnati sun zo a mayar. Da ni ne a kujerarsa abin da zan yi ke nan. Bayan wata biyu rabin kantocin babu komai, likita na rubuta takarda yana cewa a je waje a sayo. Ribar maganin da ke biyan masu shara da masu gadi ta koma kantin da ke tsallaken titi. Mutane suka fara cewa ai asibitin ba magani, masu zuwa suka ragu, kuɗin kati ya ragu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, nasu ruwan cikin kuwa janareta ya shanye. Da masu binciken kuɗi suka zo, abin da suka rubuta shi ne an karkatar da kuɗin magani, kuma a bisa ƙa'ida ba su yi ƙarya ba.

Maƙudan kuɗin da kike ji a rediyo fa? Abu na farko, abin da aka ware daban, abin da aka saki daban, abin da ya iso ƙofarku daban. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ba lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinta, ƙalilan ne suka taɓa kai wa nan. Cikin abin da aka ware ɗin, albashi ne ke cinye kaso mafi tsoka, sai manyan asibitocin koyarwa na birane, sai gine-gine. Gini yana da farin jini wajen masu mulki domin ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto. Kuɗin mai, sabulu, safar hannu da gyaran famfo babu mai bikin buɗe su, su ne kuma na farko da ake dannewa idan baitulmali ya yi ƙasa. Na sha ganin sabuwar na'ura a cikin kwalinta shekara da shekaru, saboda an sayo ta ba tare da tanadin wuta, ko mai sarrafa ta, ko kuɗin gyaranta ba. Kowane sabon ɗaki da aka gina ƙarin nauyi ne na kowane wata a kan asibiti, in ba a ƙara kuɗin gudanarwa tare da shi ba.

Abu na biyu, hanyar da kuɗin ke bi. Daga tarayya zuwa jiha ko lardi, zuwa ma'aikata, zuwa hukumar kula da asibitoci, kowane mataki da nasa jinkirin da nasa yankan. Sau da yawa rijiya ta bayar, guga ne ya hana. Tanzaniya ta fara tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun bankin kowace cibiyar lafiya daga shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018, tare da kwamitin jama'ar gari da ke sa hannu kan yadda za a kashe. Najeriya ma a dokar lafiya ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ba zai gaza kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ba, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Tunani ne mai kyau. Amma akasarin irin waɗannan asusu ƙananan cibiyoyin lafiya suke nufa. Asibitin gunduma, wanda shi ne ke yin tiyata da ƙarin jini, yakan faɗa tsakani: ya fi ƙarfin tallafin matakin farko, bai kai na koyarwa ba balle a ji kukansa a babban birni.

Batun ma'aikata ba sai na faɗa miki ba. Likita ɗaya ya tafi, tiyata ta tsaya, kuɗin shiga ya faɗi, albashin sauran da kuɗin wuta kuwa suna nan.

Maganar sata kuma, ba zan wanke kowa ba. Akwai ma'aikatan bogi a takardar albashi, akwai rasit na jabu, akwai maganin da ke fita ta ƙofar baya, akwai kwangilar da aka ninka kuɗinta. Duk wanda ya yi haka da kuɗin marasa lafiya ya ɗauki alhakin rayuka. Abin da na lura da shi dai shi ne sata ta fi samun wurin ɓuya inda ba wanda ya san nawa ya kamata ya zo da ranar da zai zo. Idan kuɗi na zuwa a ƙayyadadden lokaci, adadinsa a manne a bango kowa na gani, ɓarawo ba ya daɗewa.

Inda aka samu sauƙi, kusan ko'ina abu ɗaya aka yi: an raba kuɗin zaman ko-ta-kwana da kuɗin kan mara lafiya. Ostareliya tana biyan manyan asibitocinta bisa yawan aikin da suka yi, amma ƙananan asibitocin karkara dunƙulallen kuɗi ake ba su na shekara, saboda an yarda lissafin kan mara lafiya ba zai riƙe su ba. Jihar Maryland ta Amurka ta gwada kasafin shekara dunƙule a wasu asibitocin karkara daga 2010, ta faɗaɗa shi a 2014, ta yadda asibiti ya san abin da zai samu tun farkon shekara, kuma ba ya asara idan ya hana mutanensa kwanciya ta hanyar rigakafi. Jamus ma a ƙarshen 2024 ta zartar da gyaran da zai mayar da babban kaso na kuɗin asibiti zuwa biyan tanadin ma'aikata da kayan aiki. Wadda ta fi burge ni ita ce Tailan, domin ba ta jira ta yi arziki ba. Tun farkon shekarun 1970 ta wajabta wa sababbin likitoci aikin shekara 3 a inda gwamnati ta tura su, a shekarun 1980 ta karkata kuɗin gini daga birane zuwa asibitocin gundumomi, sannan a 2002 ta kawo inshorar kowa da kowa, inda ake ba asibitin gunduma kuɗi tun farko bisa yawan mutanen da aka yi wa rajista a ƙarƙashinsa. Sai da aka tanadi asibiti da ma'aikata kafin a raba wa jama'a katin zuwa.

Akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata in faɗa. Ba kowane ƙaramin asibiti ne ya dace ya yi komai ba. Wurin da ake yin wata tiyata sau biyu a shekara hannu ba ya sabawa, kuma haɗari ne ga mara lafiya. Daga Janairun 2023 Amurka ta ba ƙananan asibitoci zaɓin su rufe gadajen kwanciya, su riƙe sashen gaggawa da duba marasa lafiya na jeka-ka-dawo, a riƙa ba su tsayayyen kuɗi kowane wata. Ga garin da ke da kyakkyawar hanya da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki, wannan ya fi a rufe gaba ɗaya. Ga garin da damina ke yanke wa hanya, ban yarda da shi ba. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'a 2. Shi ya sa kwamitin masana kan tiyata na mujallar likitanci ta Lancet a 2015 ya sa ma'auninsa a kan sa'a 2: kowa ya iya isa inda za a yi masa tiyatar haihuwa, ko buɗe ciki, ko gyaran karayar da ƙashi ya fito, cikin wannan lokaci. Kafin a rage wa asibiti aiki don ba ya kawo kuɗi, a ɗauki agogo a bi hanyar da daddare, a cikin damina, a ga ko za a kai asibiti na gaba.

Ke da abokan aikinki akwai abin da za ku iya farawa da shi. Ku nemi akanta ya fitar muku da lissafin abin da asibitin ke ci a wata ko da ba a kawo mutum ɗaya ba: albashin ma'aikatan wucin gadi, mai, oksijin, ruwa, gyare-gyare, da magungunan gaggawa da ke lalacewa a ajiye, irin maganin dafin maciji. Yawancin asibitocin da na duba ba su taɓa fitar da wannan adadi ba, alhali shi ne hujjarsu mafi ƙarfi. A gefensa ku jera abin da gwamnati da inshora suka yi alkawari, da ranar da ya kamata ya zo, da ranar da ya zo, wata-wata na shekara guda. Ku ƙara da yawan waɗanda aka yi wa aiki ba su iya biya ba, da yawan waɗanda kuka tura gaba saboda rashin wuta ko jini, da nisan inda aka tura su a sa'o'i. Wannan takarda ita za ku kai wa kwamitin asibiti, da masu unguwanni da shugabannin gari, da ɗan majalisar yankin kafin lokacin tsara kasafi, ba bayan an gama ba. Idan ya tambaye ku me kuke so, kada ku ce sabon gini. Ku ce tsayayyen kuɗin gudanarwa da zai shigo asusun asibitin kai tsaye duk wata uku, da wa'adin da inshora ba za ta wuce ba wajen biyan takardunku, da a sake zuba jari a asusun magani tare da rubutacciyar ƙa'ida cewa ba a taɓa shi don sayen mai.